Prince of Persia: Wasan takobin da ya ƙi tsufa bayan sama da shekara 35

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1990, musamman waɗanda suka riƙa leƙa shagunan buga takardu da ofisoshin da ke da kwamfuta, za su tuna wani ɗan saurayi mai fararen kaya da ke gudu a cikin kurkuku, yana tsallake ramuka, yana zare takobi duk lokacin da ya yi kiciɓis da dogari. Wannan shi ne Prince of Persia, wato Yariman Farisa, wasan da wani Ba'amurke mai suna Jordan Mechner ya ƙirƙira, kamfanin Broderbund ya fitar da shi a watan Oktoban 1989 a kan kwamfutar Apple II, sannan ya hau kwamfutocin da muka fi sani a 1990.

Ni dai na ɗauka wasan ya bi zamaninsa, sai ranar kasuwar da ta gabata, bayan an tashi, wani abokina mai gyaran waya da kwamfuta ya ja ni shagonsa ya ce in zo in ga abin da suke yi da yamma. Na tarar da magidanta ne sa'o'ina, akwai mai sayar da atamfa, akwai ɗan canji, akwai direban da ke jigila tsakanin nan da tsallaken iyaka, sun kewaye wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Dokarsu ɗaya ce, ba a taɓa wasan da bai kai shekara 20 da fitowa ba. A wannan rana kuwa Yariman Farisa ne a kan layi, an kunna shi da wata manhaja mai suna DOSBox wadda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki kamar tsohuwa.

Labarin da ke ciki

Labarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Sarkin Farisa ya tafi yaƙi, sai Wazirinsa Jaffar ya ƙwace mulki, ya kulle Gimbiya, ya kifa agogon yashi ya ba ta awa guda, ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da take so, wanda baƙo ne daga wata ƙasa, an jefa shi kurkukun da ke ƙarƙashin fada. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san irin wannan Waziri da ke jiran Sarki ya juya baya, kuma shi kansa Mechner daga labaran Dare Dubu da Ɗaya ya ɗebo yanayin wasan.

Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin zamaninsa shi ne awa gudar nan ta gaske ce. Minti 60 aka ba ka ka ratsa mataki 12. Idan aka kashe ka wasa bai ƙare ba, za a mayar da kai farkon matakin, amma agogo ba ya komawa baya. Ke nan ba a yi maka rowar rai ba, lokaci ne jarinka, kuma kowane kuskure daga cikin uwar kuɗi ake cire shi.

Yadda ake faɗan

Da hannu wofi ake farawa, sai ka nemo takobi a can wani lungu na matakin farko kafin ka iya tunkarar dogarin da ke tsare hanya. Faɗan kansa abu huɗu ne kacal: ka matsa gaba, ka ja da baya, ka kai suka, ko ka kare. Alamun rai uku gare ka a ƙasan allo, kowane sara yana cinye ɗaya. Idan kuwa aka same ka takobi na cikin kube, sara ɗaya ya ishe ka.

Da aka miƙo mini kwamfutar, sai na yi irin abin da nake yi ina yaro, wato danna maɓallin suka ba ƙaƙƙautawa. Dogarin farko ya faɗi, domin shi rago ne. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na haɗu da masu karewa su rama nan take, suka riƙa mayar da ni farkon mataki, 'yan kallo na ta dariya. Ɗan canjin ne ya nuna mini inda gizo ke saƙar: ka jira dogari ya ɗaga hannu, ka kare, sannan ka mayar masa kafin ya daidaita tsayuwarsa. Mai gaggawa ba ya kai labari a wannan wasa. Awata ta ƙare ban ko kai rabin hanya ba.

Akwai kuma abokan karon da ƙarfi ba ya kayar da su. A mataki na 3 wani ƙwarangwal yana tashi da takobi, kuma tunda matacce ne ba a kashe shi, sai dai ka yi ta tura shi baya har ya rufta rami. A mataki na 4 madubi yana tare hanya, idan ka tsallaka ta cikinsa sai inuwarka ta fice ta zama mutum mai zaman kansa, ta shanye maka magani a mataki na 5, ta rufe maka ƙofa a mataki na 6. A mataki na 12 ne ake yin ta ta ƙare da ita, inda duk saran da ka yi mata kai ma yana cin ranka, idan ka kashe ta ka kashe kanka. Mafita ita ce ka mayar da takobi kube, ita ma za ta mayar, ka taka ka shige ta ku koma mutum ɗaya, sannan ka je ga Waziri. Direban nan ya shaida mana cewa a nan ya maƙale tun yana yaro, domin a lokacin babu wanda zai tambaya, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa wasan takobi zai nemi mutum ya ajiye takobi ba.

Ƙuncin wuri ne ya haifi Inuwa

Mechner, wanda aka haifa a 1964, ya riga ya yi suna da wasan Karateka na 1984 tun yana ɗalibi a Jami'ar Yale. Ya fara aikin Yariman Farisa a 1985, ya shafe kusan shekara huɗu a kansa. Domin motsin ya yi kama da na ɗan Adam, sai ya sa ƙanensa David ya sanya fararen kaya yana gudu da tsalle a wani filin ajiye motoci, shi kuma yana ɗauka da kyamarar bidiyo. Daga nan ya riƙa ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya yana fitar da siffar jikin yana shigarwa kwamfuta. Faɗan takobin kuwa daga wani fim na 1938 ya kwafo motsinsa, wato The Adventures of Robin Hood, wurin da Errol Flynn da Basil Rathbone suka gwabza a ƙarshe. Mahaifinsa Francis Mechner shi ya tsara kiɗan.

Wani abin mamaki shi ne da farko babu faɗa a cikin shirinsa ko kaɗan, tarkuna ne kawai da tsalle-tsalle. Wata abokiyar aikinsa, Tomi Pierce, ita ta dame shi da cewa wasan ba zai yi armashi ba sai da abokin gaba. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar Apple II ƙarama ce ƙwarai, hoto ɗaya na wayar zamanin nan ba zai shiga cikinta ba, kuma motsin Yarima ya riga ya cinye wurin. Sai ya yi dabara, ya ɗora hoton Yarima a kan kansa ya ɗan gusar da shi, sai ga wani baƙin mutum mai farin gefe ya bayyana ba tare da an ƙara cin wuri ba. Haka aka haifi Inuwa. Daga baya ne ya samo ɗan sararin da ya cusa dogarai.

Da wasan ya fito bai yi kasuwa ba, saboda a lokacin jama'a sun fara barin Apple II. Sai da ya ƙetara Japan da Turai, aka ɗora shi a kan na'urorin Sega da Nintendo, sannan ya karɓu, har aka sayar da kimanin kwafi miliyan 2 cikin shekara goma. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya farfaɗo da sunan da The Sands of Time a 2003, Disney ta yi fim ɗinsa a 2010, sannan The Lost Crown ya fito a 2024.

Kwalin da ba a zubar ba

Duk da wannan ɗaukaka, ainihin rubutun da aka gina wasan da shi, wanda masana ke kira tushen manhaja, ya ɓace wa mai shi. Mechner ya yi shekaru yana nema bai gani ba. A watan Maris na 2012 mahaifinsa yana gyara wani kabad a gidansa da ke New York, sai ya ga wani kwali ya aika masa. A ciki aka tarar da ƙananan faya-fayan kwamfuta na da, ɗauke da rubutun.

Samun faifai daban, karanta shi daban, domin irin waɗannan faya-fayai zafi da laima da maganaɗisu suna lalata su, kuma na'urar karanta su ta yi wuya. A nan ne masu sha'awar tsofaffin wasanni suka nuna amfaninsu. Jason Scott na ma'adanar Internet Archive da Tony Diaz, wani mai tara tsofaffin kwamfutocin Apple, suka kwaso kayan aikinsu zuwa gidan Mechner a watan Afrilu, suka ceto rubutun, shi kuma ya saka shi a dandalin GitHub domin kowa ya karanta.

Tun kafin wannan, a 2011, wani mai suna Andreas Varga ya riga ya warware wasan da kansa ya ɗora shi a kan Commodore 64, kwamfutar da aka daina ƙerawa tun 1994. Bayan fitowar rubutun, wata ƙungiya mai suna Bitshifters ta ɗora shi a kan BBC Master a 2018, wani kuma ya kai shi kan tsohuwar Atari a 2021. Waɗansu sun ƙera manhajojin zana sababbin kurkuku, waɗansu kuma tsere suke yi, inda gwanaye ke gama wasan awa guda cikin ƙasa da minti 20. A 2015 Internet Archive ta buɗe wasannin tsohuwar kwamfuta kusan 2,400 da ake bugawa kai tsaye ta intanet, har da Yariman Farisa. Mafi yawan masu wannan hidima ba biyan su ake yi ba, sha'awa ce kawai da gudun kada abin ya salwanta.

Tsoron nasu kuma yana da dalili. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Idan irin su suka tsira, to a hannun masu ajiya suka tsira.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Mu nan ta hannun 'yan kasuwa waɗannan kaya suka iso mana, a cikin kayan Kwatano da na Legas, daga na'urorin da ake jona wa talabijin har zuwa tsofaffin kwamfutoci. Yau da yawansu suna jibge a bayan shaguna, jira kawai suke 'yan jari-bola su auna su a kilo.

Ya kamata a yi hattara ta fuska biyu. A 2021 an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 a Amurka a kan sama da Dala miliyan ɗaya da rabi, amma wannan na asali ne, sabo dal a cikin ledarsa ba a taɓa buɗe shi ba. Kaset ɗin jabu mai cewa yana ɗauke da wasa ɗaruruwa, irin wanda ya cika kasuwanninmu, ba shi da wannan daraja, kada wani ya ruɗe ka ka zuba jari a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma, na'ura ta asali mai aiki, ko kaset mai kwalinsa da ɗan littafinsa, ko ma abin riƙewa da wayar wuta na asali, suna da masu nema, kuma sun fi ƙarfin kuɗin kilo. Kafin a zubar a gwada, a tambayi mai gyara, a ajiye a inda babu laima da zafin kwano. Haka nan tsohuwar kwamfuta, a duba abin da ke cikinta kafin a fasa, domin wani lokaci hotuna ne da lissafin shago na shekaru.

Kiran sallar isha'i ne ya tashe mu a daren nan, mai atamfa yana mataki na 8, an rufe shi a bayan ƙofa yana jiran farin ɓeran da Gimbiya ke aikowa ya taka masa mabuɗi. An yi alkawarin ci gaba ranar kasuwa mai zuwa, ni ma an sa ni a layi. Kafin in fita, mai shagon ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur cike da kaset da wayoyi, wanda ya ce saura kaɗan ya bayar da shi a bara. Ya kakkaɓe ƙurar, ya mayar da shi saman kanta. Allah Ya kai mu, Ya kuma ba da kasuwa mai albarka.