Wa Ya Ɗauke Rufin Kawu?

"Rufin ya tafi." Iyakar abin da Kawu ya ce min ke nan a waya bayan sallar asuba, wata Laraba ta watan Afrilu. Kafin rana ta yi zafi na bar Keffi, na bi ta Gitata, na isa Panda, garin nan na ƙasar Nyankpa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Karu. Na tarar da gida mai ɗaki huɗu a tsaye kamar dattijon da aka fizge wa hula a kasuwa. Katifu suna shanye a kan igiya, buhunan gyaɗa sun jiƙe sharkaf, yara suna tsintar littattafansu a cikin laka.

Asarar da ciwo, amma abin da ya fi ɗaure mana kai yana gefe. Taku goma daga bangon Kawu akwai gidan wani tsoho, kwanonsa ya yi tsatsa ja wur, ya haura shekara ashirin a kan katako. Ko falle ɗaya bai ɗaga ba. Na Kawu kuwa sabo ne fil, dogon kwanon alminiyom mai launin shuɗi, damina ɗaya kacal ya gani.

Masu jaje kowa da nasa bayani. Wasu suka ce ƙaddara ce, wannan kuwa babu mai ja. Wata gwaggo ta rage murya ta ce ruwa ba ya tsami banza, a dai bincika wanda ginin ya tsone wa ido. Shi Kawu ya riga ya yanke hukunci: mai shagon kwano ne ya cuce shi, ya biya kuɗin mai kaurin milimita 0.55 aka ba shi 0.45 ko ma ƙasa da haka.

Washegari na ɗauko wani tsohon kafinta daga Keffi, wanda shi ya rufa gidan mahaifina. Da ya sauka daga mota ko kallon ginin bai yi ba.

"Alhaji, ina gawar take?"

Muka kai shi gonar doya da ke yamma da gidan, kamar taku arba'in. Rufin yana nan kife a kan kunyoyi, cikinsa yana kallon sama. Tsohon ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa, ya sa hannu ya girgiza wani katakon tu-bai-tu. Sai ya ce mu duba da kyau. Kwanon yana manne da katakonsa. Ƙusoshi masu hula suna nan a jere, babu inda falle ya yage ya bar kan ƙusa. Rafta ba ta rabu da katakon da ke kwanciya a kan bango ba. Rufin gaba ɗayansa ya tashi, kamar murfin tukunya.

"Ka saki mai shago, Alhaji. Da sirantar kwano ce, da falle-falle za ka tsince shi har bakin rafi, katakon kuma yana can sama."

A nan ne ya gyara min wata fahimta da na girma da ita. Ni a zatona iska tura rufi take yi har ya faɗi. Ashe zuƙarsa take yi. Idan ta daki bango ta haura, sai ta wuce ta saman kwano da gudu, nauyin iskar da ke danne rufin daga sama ya ragu, ta cikin ɗaki kuma ta tunkuɗo shi daga ƙasa. Zuƙar ta fi tsanani a gefen da iskar ta fara tarar rufin, da kusurwoyi, da tsororuwa. Ƙarfin kuma ba a hankali yake hawa ba: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta huɗu yake ninkawa. Iskar da ke gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a sa'a, tana da ƙarfin da ya kai kusan kilo 55 a kan kowane murabba'in mita. Rufin Kawu ya kusa murabba'in mita 100. Ka ga ana maganar tan biyar ke nan na ja zuwa sama, a kan alminiyom da katakon malaina da ƙarti goma suka ciccibo daga gona. Irin wannan rufi nauyinsa ba ya riƙe shi. Sai abin da aka ɗaure shi da shi.

To da me aka ɗaure na Kawu? Tsohon ya juya katakon kan bangon da ƙafa. Dogayen ƙusoshi ne a jikinsa, kowace da ɗan garin siminti a bakinta. An buga su ne kai tsaye cikin bulo, bulon da ka san yadda ake buga shi yanzu, yashi ya fi siminti baki. Babu rodi, babu waya, babu ɗaurin ƙarfe ko ɗaya.

Aka aika aka kira birkilan da ya yi ginin. Ya zo yana huci, ya rantse da girman Allah cewa lokacin da ya zuba kankaren da ya zagaye ginin a saman tagogi, ya bar rodi a tsaye a kowace kusurwa da tsakiyar kowane bango, domin a lanƙwasa su a kan katako. Muka hau tsani. Saman bangon sumul yake, ko tsinken ƙarfe babu. Jama'a suka fara kallonsa da wutsiyar ido. Wani ma ya ce ai rodi yana kuɗi wajen 'yan gwangwan.

Tsohon kafinta bai sa baki ba. Guduma ya ɗauka, ya bi bangon daga sama yana ƙwanƙwasawa. Jerin farko ya amsa da ƙarar holoƙo. Na biyu ma haka. A na uku sai ƙarar ta dunƙule: kankare. Ya fasa bulon kusurwa, sai ga rodi a ciki, a tsaye ƙyam kamar yadda aka bar shi, siminti ya binne shi.

"Wa ya ƙara jeri biyu a kan kankaren nan?"

Shiru. Kawu ya cire hula ya sosa ƙeya. Bayan birkila ya gama ya tafi, in ji shi, sai ya ga ɗakunan sun yi ƙasa, ga zafin Maris na wannan yanki da ba ya barin mutum barci. Ya sa wasu yara suka ɗora jeri biyu don rufin ya yi nisa da kai. Kafintan da ya zo daga baya bai ga rodi ba, bai kuma tambaya ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, amma Kawu ya kawo hujja mai kyau, wataƙila don ya rage wa kansa nauyi: daminar bara an yi iska har sau uku, rufin bai motsa ba. Me ya bambanta daren Talata?

Amsar tana wajen ƙaramar 'yarsa, wadda tun zuwanmu take laɓe a bayan uwarta. Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, iska a gaba, ruwa a baya. Ƙofar falon Kawu gabas take kallo. Da iskar ta taso, yarinyar ta buɗe don ta shigo da alabon da aka shanya, iska ta fizge ƙofar daga hannunta, ta kasa rufewa. Tagogin yamma duk a kulle. Silin kuma ba a sa ba, ana jiran kuɗin doya. Iskar ta cika gidan kamar balan-balan, babu mafita, ta haɗu da mai zuƙa daga sama. Bara ƙofar a rufe take.

"Kar wanda ya taɓa yarinyar nan," in ji tsohon. "Ita dai ta zo a kan gaɓa ne."

Daga nan ya ja mu gidan maƙwabci, mai gidan yana zaune a kan tabarma yana ta murmushi. Rufinsa mai fuska huɗu ne, ya gangaro ta kowane gefe, tsayuwarsa ta kai wajen digiri 30. Na Kawu shimfiɗaɗɗe ne kusan kwance, irin wanda iska ta fi zuƙa. Leɓen rufin maƙwabcin bai wuce kamu biyu daga bango ba, na Kawu an sako shi sosai an yi baranda a gabas, wurin da iska ta samu ta shiga ƙarƙashi. A cikin ɗaki muka ga waya mai kauri, ninki huɗu, ta zagayo kowace rafta ta ratsa bango can ƙasa, ta yadda duk mai son ɗaga rufin sai ya ɗaga ginin. Ga mangwaro uku a gabas suna karya wa iska gwiwa. Babu abin da yake sabo a nan. Jinkar bukka zagayayya ce, iska ba ta samun inda za ta kama. Rawanin da maginan Kano da Zariya ke ɗora wa soro shi ma yana kare bakin rufi. Mutanen Darwin a Ostareliya sai da guguwar Tracy ta rushe mafi yawan gidajen garin a Kirsimetin 1974 sannan suka tsaurara dokar gini, aka koma ɗaure rufi tun daga kwano har harsashi, da sukuru a maimakon ƙusa. Mu ma muna da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006, sai dai ban taɓa ganin wanda ya zo da shi bakin aiki a ƙauye ba.

An sauke jeri biyun nan. Da Kawu ya dage sai tsawo, aka ɗora sabon rodi a kan tsoho, aka sake zuba kankare a can sama, aka lanƙwasa ƙarfen a kan katakon da ya bushe ya sha baƙin mai saboda gara. Rufin ya koma fuska huɗu, barandar ta samu nata rufin daban, don in ta tafi ta tafi ita kaɗai. A bakin rufi da tsororuwa tsohon ya sa aka ɗaura sukuru a kowane tudun kwano, yana tsaye a ƙasa da sanda yana ƙirgawa.

Fallayen da suka lanƙwashe a gona Kawu ya yi wa awaki garke da su. Mai shagon kwano kuwa bai san an taɓa zarginsa ba. Da muka koma sayen cikon, har ragi ya yi mana.