Wane Harsashi Ya Dace Da Gidan Haya?

Tun bayan rikicin da ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyin samari a Nima da Maamobi cikin watan Janairu na 2022, inda aka zare adduna aka yi harbe-harbe da rana tsaka, maganar mallakar bindiga ta daina zama abin raɗa a unguwanninmu. 'Yan kasuwa masu komowa gida da kuɗin ciniki, da masu canjin kuɗi, da masu gidaje a nan Kokomlemle da New Town, da yawansu sun fara tunanin neman lasisi, wasu ma sun samu. Tambayar da ke biyo baya a wajen mai shayi da zauren hira ita ce: wane harsashi ya fi dacewa da ƙaramar bindiga idan mutum zai kare kansa? Yawancin amsoshin da muke ji an kwaso su ne daga bakin mutanen Amurka, waɗanda gidajensu da dokokinsu ba irin namu ba ne. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba maganar da idon mazauna zango.

Da farko dai, a ƙasar Gana harsashi ba hajar da ake saye a bayan kanti ba ce. Dokar Makamai da Harsasai ta 1962, da dokar soja ta 1972 wadda aka yi wa gyara a 1996 da 2001, sun haɗa bindiga da harsashinta a ƙarƙashin izini guda. Sai 'yan sanda sun binciki halin mutum kafin a yi wa bindigarsa rajista, lasisin kuma yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba na kowace shekara, sai an sabunta. Harsashi kuwa a wajen dillali mai izinin gwamnati ake sayensa. Wanda aka kama da bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, Dokar Manyan Laifuka ta 1960 ta sa laifinsa a sahun farko. Saboda haka duk wanda wani ya kira shi cikin lungu ya ce yana da "mai kyau" a farashi mai sauƙi, ya sani tun kafin ya harba ko ɗaya ya riga ya shiga hannun hukuma.

To, ga wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, bari mu yi bayani dalla-dalla kamar a aji. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, da albarushin da ke cikinsa, da ɗan maɓallin gindi wanda ke kama wuta idan an ja kunama, sa'an nan ƙwayar darma da ke fita. Harsashin ƙaramar bindiga da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne mai milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a Jamus a farkon ƙarni na 20. Amma a nan akwai tarko, domin masu amsa sunan "tara" ba ɗaya ba ne. Akwai 9x19, akwai 9x18 na bindigogin ƙirar Rasha, akwai kuma 9x17. Lamba ta biyu tsawon kwanso ce, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Haka abin yake ga bindigar farauta mai cin harsashin AA da BB, wadda ta fi yawa a hannun jama'ar ƙasar nan: wata an yi ɗakin harsashinta milimita 70, wata 76, idan aka cusa dogo a gajere ƙarfin fashewar yana iya wuce abin da ƙarfen zai ɗauka. Lambar da maƙerin kamfani ya buga a jikin bindiga ita ce hukunci, ba maganar aboki ba.

Gardamar da ta fi zafi ita ce tsakanin ƙwayar da aka lulluɓe da jan ƙarfe da wadda ke da rami a baki. Ta farko ita sojoji ke amfani da ita. Ba ta cika sauya kama ba, tana shiga ta fice ta ci gaba da tafiya. Ta biyu tana buɗewa idan ta shiga jiki, sai ta yi ɓarna mai yawa amma ta fi saurin tsayawa. Irin wannan mai buɗewa ce Turawan Ingila suka riƙa ƙerawa a ma'aikatar Dum Dum kusa da Kalkata a ƙasar Indiya, har taron ƙasashe na birnin Hague ya hana amfani da ita a fagen yaƙi a 1899. Abin mamaki, abin da aka haramta wa soja shi ne yawancin 'yan sandan Amurka ke ɗurawa a bindigoginsu, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce kada harsashi ya ratsa mai laifi ya sami mai wucewa. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami a watan Afrilu na 1986, inda aka kashe jami'an FBI 2 aka raunata 5, hukumar ta tsayar da ma'auni cewa harsashin jami'anta ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da tsokar mutum. Inci 12 shi ne tsawon rular da yaranmu ke zuwa da ita makaranta. Wannan shi ne mafi ƙaranci.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan cewa harsashin ya sami wanda aka nufa. Mutumin da aka tashe shi daga barci ƙarfe biyun dare, cikin duhu, an ɗauke wuta, hannu na rawa, sau da yawa kuskure zai yi. Ko 'yan sandan da suka sha horo suna yawan kuskure a irin wannan hali. To ina harsashin da ya kuskure zai tafi? Mai karatu ya dubi ɗakin da yake kwana. A gidajenmu na haya iyali takwas ko goma ne ke zagaye da tsakar gida ɗaya. Ƙofa katako ce, taga gilashi ne ko raga, rufi kwano ne, wani ɗakin ma da falanki aka raba shi biyu, kuma lokacin zafi yara da tsofaffi a waje suke shimfiɗa tabarma. Ginin bulo mai kauri yana iya tare harsashin ƙaramar bindiga, amma falanki da kwano ba su tare komai. Ita ma mai rami a bakin, idan ta bugi katako ramin yakan toshe, sai ta wuce kamar 'yar'uwarta. Harsashin milimita 9 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa guda, watau daidai da gudun sauti ko fiye, kuma in bai gamu da komai ba yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. A lungunan Nima, inda mutum biyu ba su iya jerawa, babu inda zai yi wannan tafiya bai gamu da kowa ba.

Wasu kan ce ai sama za su harba don tsorata ɓarawo. Abin da ya hau sama zai sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin da zai huda kwano ya fasa kai.

Ita ma doka ba ta ba mai lasisi wuƙa da nama ba. Sashe na 13 na Tsarin Mulkin 1992 ya yarda mutum ya kare rai ko dukiya, amma da sharaɗin ƙarfin da ya yi amfani da shi ya yi daidai da halin da ake ciki, kuma alƙali ne zai auna wannan, ba mai bindiga ba. Harbin ɓarawon da ya riga ya juya yana gudu abu ne mai wuyar karewa a kotu. Balle a ce ɗan maƙwabci ne ya faɗi. A nan babu wanda zai saurari bayanin irin ƙwayar da aka zaɓa.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin gidan kansa. Binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993, a kan wasu gundumomi 3 na Amurka, ya nuna gidan da aka ajiye bindiga ya fi fuskantar kisan kai kusan ninki 3 a kan gidan da babu, kuma yawanci tsakanin dangi ne ko na kusa. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma mu malaman makaranta mun san babu ƙarƙashin katifa ko saman kabad da yaro ɗan shekara tara bai bincika ba. Wanda ya ajiye bindiga a ɗure don ya same ta da sauri, ya ajiye ta ne inda yaro ma zai same ta da sauri. Wanda kuwa ya kulle ta a akwati, harsashi a wani akwatin daban, kamar yadda ya kamata, sai ya tambayi kansa ko za ta yi masa rana cikin daƙiƙu kaɗan da ɗan fashi zai ba shi. A ganinmu, ga mazaunin gidan haya, kuɗin bindiga da harsashi ya fi amfani in an sa shi a ƙofar ƙarfe, da fitilar lungu, da tallafa wa 'yan sintirin unguwa masu aiki tare da ofishin 'yan sanda na Nima.

Babbar matsalarmu ma ba ta masu lasisi ba ce. Ƙididdigar da aka yi wa Hukumar Kula da Ƙananan Makamai a 2014 ta kiyasta bindigogi miliyan 2.3 a hannun farar hula, kusan miliyan 1.2 ne kawai ke da rajista. Da yawa daga cikin sauran ƙirar gida ne, aikin maƙera. Ba mu raina gwanintar maƙeranmu ba, amma bututun da ba a gwada ƙarfinsa a ma'aikata ba, in aka ɗura masa harsashin kamfani, yana iya tarwatsewa a hannun mai shi. Ga kuma laimar birnin nan na bakin teku, wadda ke cin kwanso tana lalata albarushi. Tsohon harsashi yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya juyo da bakin bindiga yana leƙe.

A ƙarshen 2025 Ministan Cikin Gida, Alhaji Muntaka Mohammed-Mubarak, wakilin Asawase a Kumasi kuma ɗan zango kamarmu, ya yi shelar afuwa na 'yan makonni ga masu miƙa makaman da ba su da rajista. Akwai gidajen da har yanzu bindigar marigayi ke kwance a ƙasan adaka tare da harsasan da suka yi tsatsa, magada suna zaton gado ne kamar sauran kaya. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado. Iyalin da ke da irin wannan ajiya kada su ɗauko ta su bi titi da ita. Su fara sanar da sarkin zango ko wakilin unguwa a majalisar gunduma, ya raka su wajen 'yan sanda a shirya yadda za a zo a karɓa.