Jirgin yaƙi mai layar zana zai iya gano shanun da aka kora daji?

Gardamar a teburin mai shayi ta faro, nan Kafanchan, daren da labari ya iso cewa an kore wa wani abokin cinikin Babana garke guda a dajin wajen Kachia. Wani matashi ya zaro waya yana nuna mana bidiyon F-35 na Amurka, jirgin da ake cewa rada ba ta ganinsa. Ya ce da gwamnati da gaske take, da ta sayo guda biyu ta maƙala musu kyamara, ko akuya aka sata sai an gano inda ta kwana. Baba ya juyo ya ce min, "Kai ɗan boko, gaskiya ne?" Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu." Iyakata sakandare, amma tun ina yaro nake bin labarin jirage, kuma ga abin da na tattaro.

Rada na'ura ce mai harba sigina sama. In siginar ta bugi jirgi ta dawo, an gan shi ke nan. Layar zanan waɗannan jirage ba tsafi ba ce, siffa ce da fenti. Ana ƙera jikinsu da kusurwoyi ta yadda siginar za ta zame ta yi wani gefe, sannan a shafe su da wani fenti mai shanye ragowar. Shi ya sa F-22 da F-35 ke ɓoye bama-bamansu a cikin ciki, ba a rataye ƙarƙashin fiffike ba.

To, a mayar da jirgin yaƙi na leƙen asiri ba sabon abu ba ne. Amurka ta yi haka da Phantom tun shekarun 1960: ta sake masa hanci, ta cika shi da kyamarori, ta kira shi RF-4C. Amma shi Phantom ba ya ɓuya, duk abin da ka ƙara masa ba asara. Mai layar zana kuwa, da ka rataya masa akwatin kyamara a waje, ka karya layar, rada za ta gan shi. Dole kyamarar ta shiga ciki, a huda mata taga, a sake auna siffar jirgin gaba ɗaya. Wannan aikin kamfanin da ya ƙera shi ne, ba na wanda ya saya ba. F-35 ma da tasa kyamarar ya zo, a ƙarƙashin hanci, bayan wani gilashi mai kusurwoyi. Su kansu Amurkawa da suka so ɗan leƙen asiri mai ɓuya, sabo fil suka ƙera marar matuƙi, RQ-170, irin wanda ya faɗa hannun Iran a Disambar 2011.

Wato abin zai yiwu. Tambayar ita ce, daga wa za mu ɓuya? Ɓarayin shanu ba su da rada. Ido gare su, da kunne, da bindiga. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo Alpha Jet na sojan samanmu a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema ya tsira. Harsashi daga ƙasa ne ya yi wannan aiki, kuma fentin shanye rada ba ya tare harsashi.

Abin da neman garke ke buƙata shi ne haƙuri. Duk wanda ya taɓa bin sawun shanu ya san ba gudu ake yi ba. Ɓarawo na kwantar da su ƙarƙashin itatuwa da rana, ya kora da dare. Kana son abin da zai tsaya a sama ya yi ta shawagi har su motsa, da kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu. Jirgin yaƙi mai gudun tsiya 'yan awanni kaɗan yake yi mai ya ƙare. Wing Loong II, marar matuƙi ɗan China da Najeriya ta saya, yana iya kai awa 20 bai sauka ba. Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 aka ajiye su Kainji masu farfela ne, ba su da kyan gani a bidiyo, amma suna ɗauke da irin wannan kyamara kuma ba sa shan mai kamar jet. Balle ma F-22 dokar Amurka ta hana sayar da shi ga kowa, F-35 kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ke da shi.

Inda na fi so mu tsaya shi ne gyara, don a nan ne Baba ya gyara zama. Kula da jirgin soja hawa uku ne, kuma duk wanda ya taɓa loda shanu a tirela zuwa Legas ya san su ko bai san sunansu ba.

Hawa na farko aikin direba da yaron mota ne: duba mai, ruwa, taya, birki, kafin a tashi da bayan an dawo. A jirgi ma'aikatan sansani ke yin wannan, a filin da jirgin yake, kullum. Hawa na biyu shi ne garejin bakanike. An ciro abin da ya lalace, rediyo ko famfon mai ko wani sashen inji, an kai shago mai kayan awo, an gyara an mayar. Hawa na uku garambawul ne, kamar a sauke inji a kai Panteka a Kaduna. A jirgi ya wuce haka: ana kwance shi har ƙashi, a bincika tsatsa da tsagewar da ido ba ya gani, a sake haɗa shi. Yana cin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kuma ba sai ya lalace ba. In awanninsa na tashi suka cika, ko lafiyarsa ƙalau, dole ya shiga.

Shekara da shekaru wannan hawa na uku a ƙasashen waje ake yi wa manyan jiragenmu, da dala. Sai a 2019 aka kammala garambawul ɗin C-130 a ma'aikatar gyaran jirage ta sojan sama da ke Ikeja, kuma ni a ganina wannan labari ya fi na sayen sabon jirgi nauyi, ko da yake ba wanda ya yaɗa shi a Facebook.

Mai layar zana yana ƙara wahala a kowane hawa. Duk murfin da bakanike ya buɗe, sai an sake liƙe bakinsa an gyara fentin, in ba haka ba layar ta tashi. B-2 ma rumfa mai na'urar sanyaya iska ake ajiye shi. Ku tuna ƙurar hunturu, ku tuna ruwan Agusta a gindin dutsen Kagoro. Amurka da kanta, da duk kuɗinta, masu binciken gwamnatinta sun ce a Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin ɗari na F-35 ɗinta ne kawai ke shirye su fita aiki, saboda ƙarancin kayan gyara da jinkiri a manyan ma'aikatun garambawul. In ka sayi biyu a wannan lissafi, ɗaya ke gare ka.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta iyawa. Tana nuna taron mutane, ba ta faɗin su wane ne. A ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Jirgin ya gani sarai. Daga sama, makiyayi mai kora garkensa da ɓarawo mai kora na sata kamarsu ɗaya, sai in akwai wanda ya san dajin a ƙasa yana magana da mai kallon allon.

Da na gama yi wa Baba bayani, shiru ya yi, sannan ya ce, "To waɗannan masu farfelar, guda nawa ne ke tashi yau, guda nawa ke gareji?" Na ce wannan sai a tambayi 'yan majalisarmu, su ke zama kan kasafin kuɗin tsaro. Ya ce in rubuta masa tambayar a takarda, akwai taron ƙungiyar 'yan kara ranar Asabar.