Mitar Mashin Ba Ado Ba Ce

Duk wanda ya leƙa goshin mashinan da ke jere inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja a Jangebe, ko a bakin kasuwar Talata Mafara, zai ga da dama allurar mitarsu ta daɗe da kwanciya a kan sifili. Wasu ma an cire mitar ɗungurungum, an ɗaure wayoyin da roba. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai ba mita ke tafiya da mashin ba, ranka ya daɗe." Haka ne, ba ita ke tafiya da shi ba. Amma ita kaɗai ke gaya wa mahayi gaskiyar gudunsa da tafiyar da injinsa ya sha, kuma gyaranta bai kai wahalar da ake zato ba.

Mitar tsofaffin mashina irin su Jincheng da Honda CG125 da Bajaj Boxer ba ta aiki da lantarki. A cibiyar ƙafar gaba akwai 'yar giya da ke juyawa tare da taya. Daga nan kebul ya taso zuwa goshin mashin, da siririyar waya mai murɗawa a cikinsa. Wayar ce ke juya maganaɗisu a cikin mita, shi kuma yana juyi a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyom ba tare da ya taɓa shi ba. Juyin maganaɗisun na haifar da 'yar wutar lantarki a jikin ƙoƙon, sai ƙoƙon ya so bin sa. Wani sifirin mai laushi kamar gashi kuma ya riƙe shi. Inda ƙarfin biyu suka yi daidai, nan allura ke tsayawa. Tun 1902 wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi wa wannan dabara rajista a Jamus, har yau ita ce ke kan hanyar Bakura da Maradun.

Wanda ya gane wannan ya gane inda ciwon yake. In allura ta mutu, lambobin da ke ƙirga kilomita su ma suka tsaya, to laifin a ƙasa yake: ko waya ta tsinke, ko giyar cibiya ta cinye. A kwance kebul ta ƙasa, a murza wayar da yatsu. In allura ta zabura, mitar lafiyarta ƙalau. Sau da yawa wajen faci ake kashe giyar nan, domin tana da 'yan haƙora biyu da ya kamata su zauna a gurbinsu a cibiya. Mai faci na sauri, ya mayar da ƙafa ya ɗaure noti bai daidaita su ba, shi ke nan sun lanƙwashe. Lakar damina a gonakin Bakolori da yashin rani su ƙarasa sauran. In kuwa allura rawa take yi, kebul ne ya bushe ko ya tanƙware. A zaro wayar, a wanke, a shafa mata giris kaɗan, amma a bar ƙarshenta na sama a bushe, don giris in ya hau cikin mita sai ya danƙare ƙoƙon.

Mitar da ta fi damuna ita ce mai aiki tana ƙarya. Mita ba ta san gudu ba, juyin taya kawai take ƙirgawa. Tayar gaba mai lamba 2.75-17 kewayenta ya ɗan wuce taku biyu na babban mutum, wato kusan mita 1.8, don haka takan juya wajen sau 555 a kilomita ɗaya. In aka cire wannan ƙafa mai inci 17 aka sa mai inci 18 da aka samu a hannun masu gwangwan, aka bar tsohuwar giya, kewayen ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100, mita kuma za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun. Haka in aka haɗa kan mitar wani mashin da giyar wani. Yawancin mitocin Japan an ƙera su ne su nuna kilomita 60 a awa idan waya na juyi 1,400 a minti, wasu har an rubuta hakan a fuskarsu, amma ba kowace mita ke bin wannan lissafi ba. Tsufa ma na da nasa: maganaɗisu in ya yi sanyi allura na ragewa, sifirin in ya saki tana ƙarawa.

Masana'antu da gangan suke sa mita ta ɗan ɗara gaskiya. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta hana ta nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ta wuce da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Saboda haka ƙari kaɗan ba cuta ba ne. Ragi ne abin tsoro. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: wayar hannu mai GPS na nuna gudu. A ba na baya ya riƙe, a gwada a 30, a 40, a 50 a miƙaƙƙiyar kwalta. In kuskuren adadi ɗaya ne a ko'ina, allura ce ta goce, makanike mai haƙuri zai cire ta ya mayar daidai. In kuskuren na ƙaruwa da gudu, taya ce ko giya, taɓa allura ɓata lokaci ne.

Mitar juyin inji ba kowane mashin ke da ita ba. Boxer na haya yawanci babu. Inda take, mai lantarki ce ta fi yawa, tana ƙirga tartsatsin da kwayil ke aika wa fulogi. Ƙananan injina masu silinda ɗaya kan yi tartsatsi a kowane juyi, don haka mitar da aka ƙera don tartsatsi ɗaya a juyi biyu za ta ninka lissafi. In tana tsalle-tsalle, a duba wayar da ke manne da firam, a duba hular fulogi. Amfaninta a wajen daidaita silo da gane kulocin da ke suɓucewa ba kaɗan ba ne.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Mai mataccen ƙirgen kilomita bai san nisan da lita ke kai shi ba, balle ya gane kafireta ta fara sha, kuma baƙin mai sai ya ga ya yi baƙi ƙirin yake canzawa, alhali da kilomita ake auna shi.

Sai babbar magana. Tun bayan sace 'yan matan sakandaren Jangebe a Fabrairun 2021, da dokar hana zirga-zirgar mashina da dare da gwamnatin Bello Matawalle ta sa a Satumbar shekarar, mutanen wannan yanki sun koyi tsere da faɗuwar rana. Ban ga laifin wanda ke murɗa totur don ya isa gida da haske ba. Sai dai kunne da iska ba sa auna gudu. Bayan tafiya mai nisa, 70 kan zama kamar 50 a jiki. Dokar hanya ta Najeriya kilomita 50 a awa ta yanka wa mashin, kuma nisan da birki ke buƙata a 70 ya kusa ninka na 50, kafin ma a ɗora buhun shinkafa da mutum biyu a baya. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Mafara da Bakura da Maradun su riƙa duba mita kamar yadda suke duba katin ƙungiya, masu mashinan haya kuma su sa kuɗin kebul da giya cikin kuɗin sabis.