Kuɗin Gwamnati ga Ƙananan 'Yan Kasuwa: Wanne Ne Kyauta, Wanne Ne Rance?

Kafin mu shiga farashin kaya, muna so mu yi bayani a kan kuɗin da gwamnati kan ce ta ware don ƙananan 'yan kasuwa. Duk sa'ad da aka yi shela a rediyo, sai ka ga mutane sun rufe rumfa sun tafi neman fom, alhali da yawansu ba su tambaya ba ko kyauta ce ko kuwa rance. Wannan rashin tambaya ya jefa mutanen kirki cikin bashi.

Da fari a sani, abin nan ba yau aka fara shi ba. A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa Bankin Ciniki da Masana'antu don 'yan ƙasa masu neman jari. A 1989, zamanin Janar Babangida, aka buɗe Bankin Al'umma, mai ba talaka ƙaramin rance ba tare da jingina ba. Su duka yanzu babu su da sunansu. Bankin Al'umma an haɗe shi da bankin manoma a 2000, shi ne ya zama Bankin Noma na yau. Na ciniki kuwa an haɗe shi da wasu a 2001, aka sami Bankin Masana'antu, wanda ake kira BOI. Cikin abubuwan da suka raunana su har da rashin biya, domin mutane da yawa sun ɗauki rancen gwamnati kamar rabon ganima ne.

To, taimakon nan iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na ɗaya shi ne kyauta, wadda ba a biya. Misali, bayan cire tallafin man fetur a 2023, Shugaba Tinubu ya yi shelar ba masu 'yar ƙaramar sana'a miliyan 1 Naira 50,000 kowanne. Haka a 2020, lokacin annobar korona, an ware Naira biliyan 75 don kada ƙananan sana'o'i su durƙushe, aka kuma yi shelar yi wa sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta. Irin wannan ba kullum take zuwa ba, kuma masu nema sun ninka masu samu.

Na biyu shi ne rance mai sauƙi, kuma shi ya fi yawa. A 2013 Babban Banki ya buɗe asusu na Naira biliyan 220, aka ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A 2018 aka fito da TraderMoni don 'yan tebur da 'yan tireda: a ba mutum Naira 10,000 ba jingina, in ya biya cikin wata 6 a ƙara masa zuwa 15,000, a yi ta hawa har 100,000. Mutane da yawa sun tsaya a matakin farko, don sun ɗauka kyauta ce. A shelar 2023 ɗin nan ma akwai rance har Naira miliyan 1, da ruwa 9 cikin 100 a shekara, a biya cikin wata 36.

Na uku shi ne tsayawa. A nan gwamnati ba ta ba ka ko kwabo, sai dai ta tsaya maka a wurin banki. Asusun lamunin noma da aka kafa a 1977 haka yake: in manomi ya kasa biya, asusun ya biya banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya rage. Amma fa banki aka kare, kai ba a yafe maka ba.

Sa'an nan a gane, sau da yawa kuɗin ba daga hannun gwamnati yake zuwa hannunka kai tsaye ba. Bankin Raya Ƙasa da ya fara aiki a 2017 ba ya ba mutum ɗaya rance. Shi ɗan sari ne, bankuna manya da ƙanana su ne 'yan kiri, wurinsu za ka je. Gwamnatocin jihohi kuwa sukan yi haɗin gwiwa da BOI: jiha ta zuba kuɗi, banki ya zuba kwatankwacinsa, a ranta wa mutanen jihar. Jihar Legas ta kafa nata asusun a 2016. Akwai kuma shirin NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 dominsa a 2020, jihohi suka yi rabon. Don haka wanda ke son sanin abin da ke buɗe a jiharsa, sai ya tambayi ma'aikatar ciniki ta jihar, ko ofishin SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 don ƙananan sana'o'i. Kada a dogara da tsohon labari, domin a ƙarshen 2023 Babban Banki ya dakatar da karɓar sababbin takardun neman irin waɗannan rance nasa.

Me ake nema daga mai nema? Galibi lambar BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki mai sunanka, da shaidar wurin sana'a. In kuɗin ya yi kauri, za a nemi rajistar sunan sana'a, da mai tsaya maka, ko wasiƙar ƙungiyar kasuwarku. A nan da yawanmu muke faɗuwa. Mutum yana juya miliyoyi a Kantin Kwari ko Singa, amma lissafinsa duk a ka yake, ba littafi, ba rasit. Banki kuwa bai san amanarka ta cikin kasuwa ba, takarda ya sani. Wanda ya fara rubuta saye da sayarwa tun yau, ya riƙa bi da cinikinsa ta asusun banki, ya riga ya yi rabin aiki. Kuma tun dokar 2017, ana iya jinginar da kayan da ke motsi, kamar injin niƙa, ko keken ɗinki, ko dabbobi, ba lalle sai gida ko fili ba.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya sa hannu. A ce ka karɓi Naira miliyan 1 da ruwa 9 cikin 100, biya cikin wata 36. Uwar kuɗi kaɗai wajen 27,800 ce kowane wata, ruwan watan farko kuma 7,500. Watau wajen 35,000 za ka fitar, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai shagon da kaya ke fita kullum yana iya ɗauka. Amma mai sayen hatsi da kaka a Dawanau don ya ajiye sai bazara, daga ina zai riƙa biya kafin ya buɗe sito? Kuma wa ya ba shi tabbacin farashi zai hau? Duk mun ga yadda masara ta faɗi a 2025 bayan tsadar 2024, waɗanda suka yi ajiya da kuɗin bashi suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Kada kuma wani ya ce zai ci ya gudu. Tun 2020 akwai ƙa'idar Babban Banki: in ka sa hannu a kanta, ka kuma ƙi biya, ana iya bin lambar BVN ɗinka a cire kuɗin daga asusunka na wani banki dabam. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Game da kuɗin ruwa, mun san shi ne ya hana 'yan'uwa da yawa kusantar banki. Yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ita ce murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Shi ma bashi ne, sai an biya. Mai shakka ya kai takardar wurin malaminsa kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Daga ƙarshe muna jan kunne game da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka a jerin masu samu, ko ya buga waya yana neman lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya aiko maka ta saƙo, ɓarawo ne. Ku dillalai, ku mutane suka fi yarda da maganarku a kasuwa. Kada a ba ku la'ada ku tara wa baƙo sunayen 'yan'uwa da lambobinsu, domin ran da abu ya ɓaci baƙo ya tafi, ku za a riƙe.

Shawararmu ita ce, kafin kowa ya karɓa ya yi tambaya uku a gaban shugabannin ƙungiyarsa: kyauta ce ko rance, nawa zan biya duka-duka, kuma yaushe biya zai fara? In ba a ba ka amsa a rubuce ba, ka koma rumfarka, adashi bai daina aiki ba.

Allah ya sa albarka a nema, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Wassalam.