Mayawati: Malamar Makarantar Da Ta Mulki Jiha Har Sau Huɗu

 Da yawanmu abin da muka sani game da ƙasar Indiya bai wuce abin da muke gani a silima ba, wato waƙa da rawa da 'yan mata masu dogon gashi. To, yau labarin wata Ba'indiya na kawo muku wadda ba a silima ta yi suna ba. Sunanta Mayawati. Malamar makaranta ce kamar ni, ta ajiye alli ta shiga siyasa, har ta riƙe Jihar Uttar Pradesh sau huɗu. Kada ku ji an ce jiha ku raina ta, domin a ƙidayar 2011 ma mutanenta sun kusa miliyan 200, kuma babu jihar da ta kai ta yawan jama'a a duk Indiya.

Kafin ku gane girman abin da ta yi, sai kun san inda ta fito. Bisa tsohuwar al'adar Indiya, mutane aji-aji ne tun daga haihuwa, kuma ajin da aka haifi mutum a ciki nan zai mutu. Can ƙasan kowa akwai waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su, ba a cin abinci tare da su, a ƙauyuka da yawa ma ba a bari su ɗebi ruwa a rijiya ɗaya da sauran jama'a. Su ne yanzu ake kira Dalit, wato waɗanda aka danne. Tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya haramta wannan ƙyama, amma kun san abin da ya daɗe a zuciya takarda ba ta kankare shi dare ɗaya. Cikin waɗannan mutane aka haifi Mayawati a birnin Delhi, ran 15 ga Janairu, 1956, daga dangin Jatav waɗanda sana'ar kakanninsu jima ce da dukanci.

A waje ana raina ta don asali, a gida kuma ana raina ta don mace ce. Mahaifinta ƙaramin ma'aikacin gidan waya ne. 'Ya'yansa maza ya kai su makarantar kuɗi, matan kuwa ya tura su ta gwamnati inda ba a kashe kome. Yarinyar nan ba ta zauna kukan an yi mata son kai ba, sai ta riƙe littafinta gam. A 1975 ta sami digiri daga Jami'ar Delhi, a 1976 ta ƙara da na koyarwa, ta kama aikin malanta a wata unguwar talakawa a Delhi. Da rana tana aji, da dare tana karatun jarrabawar shiga manyan ma'aikatan mulki, domin burinta ta zama jami'ar da ke riƙe da gunduma. Daga baya, a 1983, ta sami digirin shari'a.

A 1977 wani mutum mai suna Kanshi Ram, wanda ke ƙoƙarin haɗa kan 'yan Dalit, ya ji labarin malamar nan mai kaifin baki a wurin taro, sai ya taka har gidansu. Marubucin tarihinta, Ajoy Bose, ya ce Kanshi Ram ya nuna mata cewa in ta bi shi, maimakon ta zama jami'a ɗaya, wata rana jami'an ne za su jeru suna jiran umurninta. Da ya kafa jam'iyyar Bahujan Samaj, wadda aka fi sani da BSP mai alamar giwa, a 1984, tana cikin na gaba-gaba.

Kada ku zaci daga nan sai hawa. Ta tsaya zaɓe a 1984 ta faɗi, a 1985 ta faɗi, a 1987 ta sake faɗuwa. Wata da tuni ta koma ajinta. Ita kuwa ta ci gaba da bin ƙauyuka tana yi wa talakawa bayani cewa ƙuri'arsu ɗaya take da ta mai gona, sai a 1989 ta ci kujerar Bijnor a majalisar wakilai ta ƙasa. Mutanenta suka sa mata suna Behenji, wato Yaya.

Rana mafi tsanani a rayuwarta ita ce 2 ga Yuni, 1995. Jam'iyyarta ta janye daga gwamnatin haɗin gwiwa ta Mulayam Singh Yadav, sai magoya bayansa suka afka wa masaukin baƙi na gwamnati a Lucknow, babban birnin jihar, inda take taro da 'yan majalisarta. Ta kulle kanta a ɗaki, ana dukan ƙofa ana zaginta, ta shafe sa'o'i kafin a cece ta. Kashegari aka rantsad da ita Babbar Minista, tana da shekara 39. A can, ko da yake akwai gwamna, ragamar jiha a hannun Babban Minista take. Ita ce mace ta fari daga 'yan Dalit da ta hau wannan kujera a duk Indiya.

Hawanta uku na fari, a 1995 da 1997 da 2002, duk da taimakon wata jam'iyya ne, kuma ba su daɗe ba, domin wanda ya ara maka riga yana iya tuɓe ka a kasuwa. Wannan ya koya mata cewa danginta kaɗai ba su isa ba. Sai ta jawo har 'yan Brahmin, waɗanda su ne aji mafi ɗaukaka, ta ba su takara. A zaɓen 2007 BSP ta ci kujera 206 cikin 403, ta yi mulki shekara biyar cur ba tare da jingina da kowa ba. Ta ƙarfafa shirin kai hanyoyi da ruwa da lantarki ƙauyukan 'yan Dalit, ta gina wa talakawan birni gidaje, ta kuma yi suna wajen rashin sakar wa ma'aikata da 'yan ta'adda fuska. Jami'an nan kuwa sun jeru, kamar yadda aka faɗa mata.

Amma gaskiya ba ta son a faɗi rabinta. Ta kashe kuɗin jama'a masu yawan gaske wajen gina wuraren tunawa a Lucknow da Noida, cike da mutum-mutumin jagororin Dalit, da na giwaye, har da nata na kanta. Masoyanta suka ce mutanen da aka hana su tarihi sun cancanci su ga nasu a tsaye. Masu suka kuwa suka ce da asibiti da makaranta aka gina da ya fi. A 2010 aka rataya mata wata ƙatuwar sarƙa ta takardun kuɗi a bainar jama'a, abin ya zama abin magana. An kuma tuhume ta da tara dukiya, ko da yake Kotun Ƙoli ta soke wannan ƙara a 2012. Mutane suka riƙa kukan cewa Yaya ta yi wuyar gani. Sakamakon bai ɓuya ba: kujera 80 a 2012, 19 a 2017, guda ɗaya tak a 2022. A zaɓen ƙasa na 2024 jam'iyyar, wadda take shugabanta tun 2003, ba ta sami ko ɗaya ba.

To, iyaye mata, ku duba. A gidan ma'aikacin gidan wayan nan, 'yar da aka ga ba ta cancanci a kashe mata kuɗin makaranta ba, ita ce duniya ta san sunanta. Wa ya san abin da ke cikin kan wadda kike shirin cirewa daga aji a bana?

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, ku riƙe labarin duka, farkonsa da ƙarshensa. Karatu ne ya ba Mayawati bakin magana, haƙuri ya tashe ta bayan faɗuwa uku, amma talakawan da ta riƙa bi har ƙofar gida su ne suka ɗora ta. In ilmi ya kai ki wani matsayi, ko da na shugabar aji ne, kada ki yi wuyar gani ga waɗanda suka ɗaga ki.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.