Masu Rubutu da Wuta: Labarin Wata Sana'ar Gado

A Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir da ke ƙasar Dakwaro, kowa ya san ɗan maƙeri da zugazugi yake tashi, ɗan baduku kuwa da fata. To, a birnin Landan ma akwai wani gida da ya gaji sana'ar wuta, watau rubuta allunan kantuna da hasken neyon.

Neyon wata iska ce da masana biyu, William Ramsay da Morris Travers, suka gano a 1898. Bafaranshe Georges Claude shi ne ya nuna fitilarta a birnin Paris a 1910. Ga yadda aikin yake: gwani zai gasa siririn bututun gilashi bisa harshen wuta, ya lanƙwasa shi ya bi zanen baƙaƙen da ke kan takarda, yana hura iska ciki don kada ya lotse. Daga nan a zuƙe iskar, a ɗura neyon, a toshe, a haɗa da lantarki, sai rubutu ya kama ja jawur. In shuɗi ake so, sai a sa iskar argon da ɗigon zaiba.

Dick Bracey, wanda a da mahaƙin gawayi ne, ya buɗe ma'aikatarsa a 1952. Ɗansa Chris ya koya a hannunsa, ya yi suna har masu shirya sinima suka riƙa neman aikinsa. Da ya rasu a 2014, matarsa da ƴaƴansa suka riƙe gidan.

Amma sana'ar tana cikin haɗari. Fitilun LED, masu araha da ƙarancin cin wuta, sun ƙwace kasuwa. A Hong Kong, inda da tituna ke cike da neyon, an sauke yawancin allunan, gwanayen da suka rage kaɗan ne. Haka inji mai buga hoto ke janye ciniki daga masu rubutun allo da fenti na Maradi.

Lanƙwasa gilashi, kamar ƙira, sai an shekara ana kallon hannun gwani. Ran da gwani ya kwanta dama bai bar magaji ba, an rufe makaranta guda. Don haka ya kamata hukumomi, in za su sa a yi allon asibiti ko na kasuwa, su tuna da mai sana'ar gari da yaransa.